Cikin Abba da Tafiyar Zariya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka Zariya lami lafiya, ya haɗa ka da abokan zama na kirki da malamai masu tausayi, amin.

Na san za ka yi mamaki idan ka kwance kayanka ka tarar da ita a bakin buhun shinkafa, alhali gida ɗaya muke, kuma ko yau da safe ka durƙusa ka gaishe ni na amsa maka a taƙaice kamar kullum. Haka aka raine mu. Kai ne na fari, kuma sunan kakanka ka ci, bakina ba ya iya doguwar magana da kai. Amma hannuna yana iyawa, tunda Allah ya sa na gama firamare kafin a kawo ni gidan nan. Yanzu haka na baza shinkafa a rana, Zainabu ƙanwarka tana korar kaji, ni kuma na samu inuwa da biro.

Wallahi Abba, tun ranar da aka tsayar da maganar tafiyarka ban iya zama wuri ɗaya ba. Matan da muke turara shinkafa tare sun gaji da ni. Duk wadda ta shigo aron garwa sai ta fita da labarin cewa yayan su Zainabu zai tafi karatun injiniyan ban-ruwa. Jiya a injin casa na Kura, mai injin ya tambaye ni ko shinkafar ta bushe sosai, na ba shi amsa da cewa ai jibi ne tafiyar. Ya tsaya yana kallona, matan da ke layi suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Yaron da ake korowa daga kanal da tsumagiya saboda wanka, shi ne zai je ya koyo yadda ake gina kanal ɗin. Allah mai iko.

Amma murnar ba ta mantar da ni cikinka ba. Can babu ni a bakin murhu, babu mai leƙa kwanonka kafin ka sa hannu. Shi ya sa zan faɗa maka wuraren da na yi kuskure a jinyarka, ba don in ɓata maka tafiya ba, sai don kada ka sake gwada abin da na riga na gwada ya ba mu wuya.

Ka tuna shekarar da ka gama sakandare, lokacin tsinkar tumatir, kuna lodin kwanduna da Babanku zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Zazzaɓi ya fara kama ka da yamma yana sakinka da safe. Na ga kana barin tuwo a kwano. Na ga kana dafe ciki idan za ka tashi daga tabarma, na ga kana yawan zagayawa. Duk na gani da idona, amma ban tambaye ka ba. Ta yaya zan tsayar da ɗan fari in tambaye shi yadda bayan gidansa yake? Sai na riƙa aiko Zainabu da jiƙon sabara da kanwa, da ƙwayoyin da aka karɓo a kemis. Ta dawo ta ce ka ce da sauƙi, ni kuma in karɓi wannan da sauƙin don shi nake son ji. Kai kana jin kunyata, ni ina jin taka, ciwo yana cin gabansa. Har safiyar da ka kasa miƙewa, cikinka ya yi tauri kamar katako, aka sauke kwanduna daga motar tumatir aka shimfiɗa ka a ciki zuwa Birni. A can suka ce taifot ne ya huda hanji. Aka yi maka tiyata, aka yanke inda ya lalace aka haɗa sauran. Likita ya faɗa wa Babanku cewa da an kawo ka da wuri, da magani kawai ya isa.

Don haka ka ji ni da kyau. Ciwon ciki ba abin kunya ba ne. Idan ka ji ya murɗa yana tafiya yana dawowa, ko ya kumbura, ko amai ya zo, ko bayan gida ya tsaya har iska ma ba ta fita, kada ka ce bari in ga gobe, kada ka ce bari a gama jarrabawa. Ka dakata da cin komai, ka nufi asibitin makaranta, ka ɗaga riga ka nuna musu ɗinkin, ka faɗa musu abin da aka yi maka da bakinka. Kalmomin da ni na kasa furtawa, kai ka furta su. Likita ya ji waɗanda suka fi su.

Da aka sallamo ka, Babanku ne ya shiga wurin likita, ni ina waje da kwanuka. Abin da ya iso kunnena kawai shi ne a riƙa ba ka abinci mai laushi. Ka dawo gida fari fat, idanu sun faɗa, wuya kamar na zakara. Masu zuwa sannu kowa da tasa shawarar: zogale yana ƙara jini, rama tana buɗe ciki, gyaɗa tana mayar da jiki. Ni ma tun tasowata magani na san ganye. Sai na tashi na yi maka dambu na gani na faɗa, tsakin masara da zogale har ya fi tsakin yawa, ga gyaɗa, ga albasa, ga mai yana ƙyalli. Na ce ai dambu da laushinsa. Ka cinye ka nemi ƙari, don ka daɗe bakinka bai ji ɗanɗano ba, ni kuma na koma ɗaki ina hamdala. Washegari da hantsi cikinka ya tashi kamar ganga, amai ya ƙi tsayawa. Muka koma asibiti, aka zura maka roba ta hanci, aka hana ka ko ruwa. Allah ya taimake mu ba a sake yanka ba, hanjin ya buɗe da kansa.

Wannan karon ban tsaya a waje ba, na bi Babanku ciki. Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ba. Ta tambayi abin da ka ci, na faɗa kaina a ƙasa. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta jawo mini kujera.

Ta ce, "Mama, ba mugun abu kika ba shi ba. Abincin lafiya ne ga kowa, ban da shi a yanzu. Inda aka haɗa hanjin nan ya tsuke. Duk abin da ciki ba ya narkarwa, can yake zuwa ya taru ya toshe hanya."

Ta ce sunan abin harza, wato dusar hatsi, da ɓawon wake, da zaren ganye, da fatar tumatir da 'ya'yansa, da duk abin da za ka tauna ka tauna ya bar tuƙa a baki. Babanku ya gyaɗa kai ya ce ya gane, kamar bututun da yake jawo ruwa daga kanal zuwa fangali ne, ruwa yana wucewa abinsa, amma ciyawa ta shiga shi ke nan. Likitar ta yi murmushi ta ce haka ne.

Ka ga yadda duniya take. Ni da nake yi wa masu neman farar shinkafa tas dariya, ina cewa sun bar daɗin a dusa, sai ga ni ina roƙon mai inji ya maimaita mini casa har ƙwayar ta fito kamar haƙori.

To, a Zariya babu mai yi maka dambu, amma akwai abin da ya fi dambu haɗari, domin na san ka da garau-garau. A ƙofar kowace makaranta akwai mai shi, ƙamshin mai da yaji yana kiran mutum tun daga nesa, abokai za su ce zo mu sa hannu. Ka wuce, Abba. Idan ka sayi shinkafa wurin mai abinci, ka ce kada ta zuba wake, kada ta yayyafa salak da kabeji a kai, ka faɗa tun kafin ta ɗaga cokali. Ɗanwake ma haka, da miyar kuka da ta kuɓewa da taushe mai ganye. Rake kuwa, duk da gonarsa muke kwana muke tashi, ka bar shi, don ba a rasa haɗiye tuƙa. Gasasshiyar masara, gugguru, aya, kwakwa, goruba, dabino, mangwaro mai zare, duk ka ɗauke ido. Lemo ka tsotse ruwan ka yar da sauran. Kuma duk wanda ya ce maka ga wani ganye ko sassaƙe da ya warkar da ɗan'uwansa, ka yi masa godiya, kada ka sha. Masu ba ni shawarar zogale ba ƙinka suke yi ba, hanjinka ne ba su sani ba.

Daga nan sai na faɗa wani ramin. Tsoro ya kama ni har na koma ba na ba ka komai sai koko tatacce da farar shinkafa gaya, ba mai ba miya. Ko ƙwai aka kawo sai in ce a bari tukuna. Idan na ga ka kalli tukunyar gida sai in sa a rufe. Ban ankara ba wando ya fara zame maka, bokitin ruwa ya fi ƙarfinka, har ranar Juma'ar da jiri ya kwashe ka a sahu aka riƙo ka zuwa gida. Da muka koma ganin likita ta ɗora ka a ma'auni, a ranar ne na sha faɗan da ban sha ba ranar dambu. Ta ce harza ta hana, ba abinci ta hana ba, kuma yunwa ma tana kwantar da mutum. Ta yi ta jero abubuwa, ni ina mamakin yawansu: ƙwai, kifi, kaza, nama mai laushi da ya dahu lugub, awara, kindirmo, farin burodi, taliya, dankalin Turawa da aka fere, kabewa, ayaba nunanniya, gwanda. Miya kuma a dafa tumatir da tattasai a tace su, a zubar da fata da 'ya'ya.

Abba, ranar da na fara yi maka tuwon shinkafa da miyar tumatir tatacciya da tarwaɗa, ka tuna? Ka suɗe kwanon har Zainabu ta ce ba sai an wanke ba. Na shiga ɗaki na yi sujada. Daga nan kumatu suka fara dawowa, muryarka ta dawo, har ka koma tsokanar yara. Kullum sai na ƙirƙiro wani abu. Na koyi yin faten dankali ba ganye, na koyi kunun gyaɗa mai santsi da aka tace sosai, na koyi wainar shinkafa da romon kaza. Gidan nan kaf suka koma son abincinka, har sai da na riƙa ɓoye shi.

Saboda haka kada tsoro ya sa ka zama da yunwa, kuma kada ka matse bakinka don sayen littafi. Kan da babu abinci ba ya riƙe karatu. Ka ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a wuni, ya fi ka tara yunwa ka narki tuli guda. Ka tauna sosai. Na san ɗalibai a tsaye suke ci suna kallon agogo, kai ka zauna, ko za a riga ka shiga aji. Ka sha ruwa da yawa, amma wanda ka tafasa ko ka yarda da shi, don ruwa ne ya jawo mana wannan duka. Idan azumi ya zo ka fara ganin likita, abin da ta ce shi za ka yi, kuma ka buɗe baki da ruwa da koko, ba da tarin soye-soye ba.

Kuma ka riƙe abin da ta faɗa mana zuwanmu na ƙarshe, shi ne ya fi komai faranta mini rai: wannan takurar ba lallai ta zama ta har abada ba. Ga shi yanzu kana cin karas dafaffe, kana cin alala kaɗan idan an surfe waken tas. Ta ce za a ci gaba da ƙarawa a hankali, abu ɗaya a lokaci guda, a ga yadda ciki ya karɓa kafin a ƙara wani. Kada ka yi gaban kanka don ka ga kwana biyu lafiya lau. Duk hutu za mu je wurinta, ita za ta ce ga na gaba.

Akwai kuma abin da ya faru a Madobi, gidan Goggonku yayar Babanku, da muka je gaisuwar Sallah. A lokacin ba na son kowa ya san an hana ka wani abinci. Gani nake kamar za a ce ɗana ya zama ragowar ciwo, saurayi guda ana tace masa miya kamar jariri. Ko su Goggo ce musu muka yi ka warke sarai. To, ta san kana son fate tun kana ƙarami, sai ta tashi takanas ta yi maka faten tsaki da rama da gyaɗa, ta kawo da hannunta ta dire a gabanka. Ka ɗago ka kalle ni. Ni kuma, maimakon in buɗe baki, sai na yi maka alama da ido cewa ka taɓa ko kaɗan ne, kada ta ji ba daɗi. Ka bi umarnina. Ta zauna tana ƙara maka, kana ci kana murmushin dole. Muka dawo gida ka kwana biyu kana juyi a tabarma, ni ina zaune a bakin ƙofa ina jiran in ji ko za a nemo mota. Allah ya sa ya sauka da kansa.

Labari ya kai wa Goggo. Washegari sai ga ta a kan acaɓa, ko mayafi ba ta gyara ba. Ba ta zauna ba ta fara.

Ta ce, "Ni za ki ɓoye wa? Da hannuna ki bar ni in zuba wa yaron nan abin da zai kwantar da shi, don kada in ji kunya? To yanzu wace kunyar ce ta fi?"

Ta sa na zayyana mata duk abin da kake ci da wanda ba ka ci. Ka san sauran. Tun daga ranar ƙwan zabinta ba ya zuwa kasuwa sai ya biyo ta gidan nan, kuma duk taron da za a yi a dangi, ita take shiga madafa ta ce a ware na Abba kafin a zuba ganye.

Ka ga mutane ba yadda nake zato suke ba. Don haka daga ranar farko ka faɗa wa abokan ɗakinka. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce an yi maka aiki a hanji, likita ta hana ka wake da ganye da makamantansu. Wani zai tsokane ka, ya ce ɗan gata, ka yi dariya ku wuce. Cikinsu za a samu mai irin halin Goggo, wanda zai tare maka tun kafin ka yi magana, kuma shi ne zai san inda zai kai ka idan wani abu ya taso. Idan ka je gidan mutane aka kawo abin da ba ka ci, ka yi godiya da kyau, ka faɗi dalili, ka nemi shayi da burodi. Babu mai hankalin da zai riƙe ka a zuciya. Kada ka ci don kunyar kowa, ko da ni ce na yi maka ido.

Kuskurena na ƙarshe kuwa kai ma shaida ne, don bai daɗe ba. Ranar da takardar jami'a ta zo, kafin murna tsoro ne ya fara zuwa mini. Na ce wa Babanku ba inda za ka, ka nemi makaranta a kusa inda za ka riƙa kwana a gida, ko ka haƙura da gona tukuna. Na ce wa zai tace maka miya a Zariya, wa zai fere maka dankali. Babanku ya ce ciwo ya riga ya cinye maka shekara, ba zai bari tsorona ya cinye sauran ba. Muka kwana biyu ba ma doguwar magana. Kai kuma ka daina fita hira, ka daina kunna rediyo. Ina ganin takardar a aljihun rigarka duk inda za ka.

Sai ranar nan da na dawo daga Kura da rana, tun daga zaure na ji ƙamshi. Na shigo na tarar da kai tsugune a bakin murhu, ka naɗe hannun riga, hayaƙi ya sa idanunka sun yi ja, ƙannenka sun kewaye ka suna ta dariya. Ka dafa tumatir ka tace, ka cire wa kifi ƙaya, ka tuƙa tuwon shinkafa. Gaskiya tuwon ya yi gudaji, gishiri kuma ya ɗan zarce. Ka zubo a kwano ka kawo gabana ka durƙusa.

Ka ce, "Inna, ki ɗanɗana. Idan bai yi ba na haƙura da tafiyar."

Na sa hannu na kai baki. Na bincika miyar da yatsa, babu fatar tumatir, babu 'ya'yansa ko ɗaya. Ashe duk watannin nan da kake zama kusa da madafa kamar mai shan inuwa, kallon hannuna kake yi. Na cinye tas, da gudajin da gishirin. Sai na ce wa Zainabu ta faɗa wa Babanku a fara neman jaka. Abba, ban taɓa cin tuwon da ya kai wannan daɗi ba, ko na ranar aurena.

A nan kuskurena shi ne na ɗauka ni kaɗai ce zan iya riƙe lafiyarka. Ashe ka girma na tsaya ina kallon yaron da aka kwantar a motar tumatir. Kai ma kada ka yi wa kanka haka. Kada ka riƙa kallon kanka a matsayin majinyaci. Ka shiga cikin mutane, ka yi tambaya a aji, ka je duk inda ake kai ɗalibai ganin madatsar ruwa, ka riƙe sallarka a kan lokaci. Abin da ke cikin kwanonka ne kawai ya bambanta da na sauran, ban da shi babu abin da suka fi ka. Kuma kada ka ji kunyar girki. Wanda ya yi maka dariya yau, gobe zai zo da cokalinsa.

A buhun nan shinkafa iri biyu ce, ta tuwo a ƙasa, ta dafawa a sama, duk na sa an maimaita musu casa, na tsince da hannuna. Akwai garin koko da na tace na shanya, ka dama da ruwan sanyi kafin ka zuba tafasasshe. Akwai busasshen kifi, ka jiƙa shi ya yi laushi ka cire ƙaya. Ƙwan Goggo yana cikin gwangwani da ƙaiƙayi, kada ka ɗora masa littattafai. Idan ka samu dama ka kira wayar mai shagon bakin masallaci, zai aiko a kira ni. Idan na tambaye ka jiki, kada ka ce mini da sauƙi don ka kwantar mini da hankali. Ka faɗa mini abin da ka ci, da yadda ya zauna. Yanzu zan iya ji.

Ina cikin rubutun nan Babanku ya shigo daga kasuwa. Ka san shi, tun da aka fara maganar tafiya yake nuna kamar ba komai, yana cewa ai Zariya nan ce bayan Garun Malam, mota ɗaya ce. To, ya jingine babur ya kwance wani ƙulli ya ajiye a gabana ba tare da ya kalle ni ba. Na buɗe, sai ga sabon risho, da ƙaramar tukunya, da rariya mai ƙananan ido. Da kansa ya shiga layin masu kayan girki, cikin mata, yana ɗaga rariya ɗaya bayan ɗaya yana hango rana ta ciki don ya ga wadda ɗan tumatir ba zai wuce ba. Ya ce mai kayan ta tambaye shi ko aurar da 'ya zai yi, ya ce mata a'a, injiniya zai kai makaranta. Yana faɗa mini yana gyaran murya, sai ya ce rana ta yi zafi yau, ya juya ya fita wai zai duba ruwa a gona, alhali ba ranar ruwanmu ba ce.

Allah ya tsare hanyarka, ya tsare cikinka, ya tsare imaninka. Allah ya sa abin da za ka ci ya zame maka lafiya, abin da za ka karanta ya zame maka haske da mu da garin nan baki ɗaya. Allah ya raba ka da mugun abokin zama, ya dawo mana da kai da ƙafarka, da ƙibarka, da takardarka a hannu. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini dambu da fate. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Innarka.